"Bindiga ta ƙi tashi": maganin bindiga ne ko laimar damina?

A wata damina da ta wuce na je hutu gida Dakko, na tarar da gari ya ɗauka da labari ɗaya. Wani matashi cikin masu gadin dare ya hangi mutum ya tsallako katanga wajen turken shanu. Ya saita bindigarsa ƙirar gida, irin wadda ake ɗura wa hoda ta baki, ya ja kunama. Sai ta ce ƙas, shiru. Mutumin ya haura ya tsere. Kafin a fito sallar asuba kowa ya yanke hukunci: ɓarawon yana da maganin bindiga, ya ɗaure mata baki.

Washegari an wuni ana rana, bindigar tana jingine a jikin bango. Da la'asar abokansa suka taru a zaure, ya ɗauko ta zai nuna musu yadda ta yi masa jiya. Yana jan kunama ta tashi. Ta huda ƙyauren kwano na zauren, daidai inda yara suka gama wasa ba da jimawa ba. Allah Ya kiyaye, ba wanda ya ji ciwo.

Kawuna tsohon maharbi ne. Ya ce ai abin a fili yake, ɓarawon ya yi nisa, maganin ya sake ta. Na ce, "Kawu, ni dai ina zargin ruwan da aka kwana ana yi shekaranjiya." Ya kalle ni ya ce, "Kai wanga yaro, mi ya haɗa ruwan sama da bindigar da aka ɗaure wa baki?"

Wannan rubutu amsar tambayar Kawu ce, daga ɓangaren ilimin sinadarai da nake karanta. Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne: ruwa da mai ba su cika kashe harsashi gaba ɗaya ba. Abin da suke ɗaukewa shi ne tabbas. Harsashin da ya jiƙa yana iya ƙin tashi a lokacin da ake bukatarsa, ya kuma tashi a lokacin da aka saki jiki.

Me ya kawo maganar nan gida?

A Amurka masu riƙe ƙaramar bindiga don kare kai sun daɗe suna wannan muhawara: idan gumi ko ruwan sama ko man goge bindiga ya taɓa harsashi, a ci gaba da dogaro da shi ko a canza? A Nijeriya lamarin ya bambanta. Dokar makamai ta 1959 ta sa ƙaramar bindiga ta hannu a rukunin makaman da aka haramta, sai da lasisin shugaban ƙasa. Bindigar farauta mai cin harsashin roba tana bukatar lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda, ita kuwa mai ɗuri ta baki, wadda wasu ke kira harba-ka-ruga, tana ƙarƙashin kwamishinan 'yan sanda na jiha.

Duk da haka, rashin tsaro ya sa bindiga ta shiga rayuwar ƙauyukanmu. A watan Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta shawarci mutanen Zamfara su nemi lasisin mallakar bindiga, har ta ce za ta raba fom 500 ga kowace masarauta cikin 19, kafin babban hafsan tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan hurumin. A ƙarshen Janairun 2024 kuma gwamnatin Dauda Lawal ta ƙaddamar da Askarawan Zamfara su sama da 2,600.

Sannan yankinmu yankin ruwa ne. Madatsar Bakolori da aka kammala a 1978 a kan kogin Sakkwato tana shayar da gonakin Talata Mafara da Bakura da Maradun. Mai gadin gonar shinkafa yana kwana cikin raɓa, yana ratsa magudanar ruwa, ruwan marka yana dukansa. Duk abin da ke rataye a kafaɗarsa yana shan abin da yake sha.

Me ke cikin harsashi?

Harsashin zamani abu huɗu ne a haɗe. Akwai kwanso, yawanci na tagulla ko ƙarfe. Akwai hoda a cikinsa. Akwai kan harsashin da ke toshe bakin kwanson, shi ne ke fita ya yi ɓarna. Sai wani ɗan maɓalli a gindin kwanson mai ɗauke da sinadarin da ke kama wuta idan an doke shi. A nan zan kira shi ƙyastu, domin aikinsa ke nan.

Idan an ja kunama, wani ɗan tsinken ƙarfe ya doki ƙyastun, ya yi tartsatsi, hoda ta kama, ta ƙone cikin ƙiftawar ido ta zama iskar gas mai zafi, iskar ta tura kan harsashin waje. A harsashin ƙaramar bindiga mai milimita 9, matsin iskar nan ya fi na tayar mota sau dubu.

Abin lura shi ne ƙanƙantar kayan. Hodar da ke cikin irin wannan harsashin ba ta kai rabin giram ba. Sinadarin ƙyastun kuwa nauyinsa kwatankwacin ƙwayar shinkafa ɗaya ne ko biyu. Ɗigon ruwa ɗaya ya kai kusan kashi ɗaya cikin ashirin na giram. Ka ga ke nan ba sai an tsoma harsashi a tafki ba, ɗigo ɗaya idan ya sami hanyar shiga ya isa ya sauya lissafi.

A bindiga mai ɗuri ta baki abubuwan nan a warwatse suke. Babu kwanso. Hoda tana zaune tsirara a cikin bututu, bakinsa a buɗe, ƙyastun yana waje yana shan iska. Ƙofa biyu ke nan a buɗe ga laima.

Baƙar hoda da ruwa

Baƙar hodar gargajiya, wadda kakanninmu suka sani da albarushi, haɗin abu uku ce: gawayi, farar wuta, da wani gishiri mai suna fotasiyam naitiret, wanda shi ne kaso mafi yawa. Gawayi da farar wuta su ne makamashi. Gishirin shi ke ba su iskar oksijin, shi ya sa hoda take ci a cikin rufaffen bututu inda iska ba ta shiga.

Matsalar ita ce gishirin nan yana narkewa a ruwa. A zafin digiri 20, giram 100 na ruwa yana narkar da kimanin giram 32 nasa, kusan daidai da gishirin miya. Idan hoda ta jiƙa, gishirin ya narke ya bi ruwa, in ya sake bushewa ya daskare a wani gefe dabam da gawayin. Haɗin ya wargaje. Wani sashe na hodar zai ci da sauri, wani ya ci a hankali, wani ma ba zai ci ba.

Kuma ba sai ruwa ya zuba a kai ba. Kowace uwargida ta san gishirin miya yana jiƙewa da kansa a watan Agusta. Dalili shi ne idan laimar iska ta haura kashi 75 cikin ɗari, gishirin miya yana fara zuƙo ruwa daga iska. Tsantsar fotasiyam naitiret ya fi shi juriya, sai laima ta wuce kashi 90. Amma gawayi yana da ƙananan ramuka masu tsotsar danshi, kuma hodar da ba ta da tsarki, wadda wasu gishirai suka gauraya da ita, tana jan laima da wuri. Abin da ke sa ashana ta ƙi kamawa a lokacin marka, ɗan'uwansa ne ke faruwa a cikin bututun bindiga.

Akwai kuma lissafin zafi. Kafin giram ɗaya na tafasasshen ruwa ya zama tururi yana cinye kimanin jul 2,260 na zafi. Giram ɗaya na baƙar hoda kuwa duk abin da yake bayarwa bai wuce jul 3,000 ba. Wato ruwa ɓarawon zafi ne. Tartsatsin da ya kamata ya kunna hoda sai ya ƙare wajen busar da ita.

Tarihi ya shaida wannan. Ranar 23 ga Yuni, 1757, a filin Falasi da ke Bangal ta ƙasar Indiya, rundunar Sirajud Daula mai mutum kusan 50,000 ta fuskanci ta Robert Clive mai kimanin 3,000. Da rana tsaka aka tsuge da ruwa. Turawan Ingila suka rufe hodarsu da tamfol, ta sarkin ta jiƙe. Mahayan sarkin suka kai farmaki da zaton igwoyin abokan gaba su ma sun mutu, aka yi musu ruwan wuta. Cin amanar Mir Jafar ya taka babbar rawa a ranar, amma ruwan sama shi ma ya yi nasa, kuma daga nan mulkin Ingila a Indiya ya kafu.

Matsalar laima na cikin abin da ya tura masu ƙira neman mafita. A 1807 wani limamin coci ɗan Sikotland, Alexander Forsyth, ya yi rajistar hanyar kunna hoda da sinadarin da ke kamawa idan an doke shi. Daga baya aka haɗa komai cikin kwanson ƙarfe. A 1884 Paul Vieille na Faransa ya samar da hoda marar hayaƙi, wadda ita ce kakar hodar da ke cikin harsasan yau.

Harsashin zamani: ya tsira daga ruwa?

Ya fi tsira, amma da sauran magana. Hodar zamani ana yin ta da naitiroselulos, wato auduga ko ɓawon itace da aka sarrafa da sinadarai. Ba ta narkewa a ruwa. Hasali ma a jiƙe masana'antu ke ajiye naitiroselulos da jigilarsa, don kada ya kama wuta. Haka sinadarin ƙyastu, a jiƙe ake cuɗa shi a zuba, domin a jiƙe ba ya fashewa, sai ya bushe ƙarfinsa ya dawo.

Dubi abin da wannan ke nufi. Ruwa yana sa sinadaran nan barci ne. Idan sun bushe suna iya farkawa, gaba ɗaya ko rabi. Abin da nake zaton ya faru a zauren nan ke nan: ƙyastun ya sha laima da dare ya ƙi kamawa, rana ta busar da shi, da aka sake dukansa ya amsa.

Ta ina ruwa ke shiga rufaffen kwanso? Wuri biyu ne: inda kan harsashi ya haɗu da bakin kwanso, da kewayen ƙyastu. Harsasan soja galibi ana liƙe waɗannan wuraren. Jan zobe ko kore da ake gani a gindin wasu harsasai ba ado ba ne, liƙi ne. Harsasan kasuwa da yawa ba su da shi. Harsashin roba na bindigar farauta kuwa bakinsa naɗe shi kawai ake yi, kuma tsoffin na takarda har kumbura suke yi idan sun jiƙa.

Akwai wata hanya da mutane ba su lura da ita ba: harsashi yana numfashi. A cikin kwanso akwai 'yar iska. Idan ya yi zafi a rana ya kai digiri 40, sannan ya faɗa ruwa mai digiri 20, matsin iskar cikinsa zai ragu da kusan kashi 6 cikin ɗari. Ragin nan yana zuƙo abin da ke waje ta duk wata 'yar kafa. Zafin rana da sanyin dare suna maimaita wannan kullum, kaɗan-kaɗan, har danshi ya taru.

Masu sha'awar bindiga a ƙasashen waje sukan jiƙa harsasai na kwanaki su gwada. Abin da ake yawan gani shi ne wasu su tashi lafiya, wasu su yi rauni, wasu su ƙi, duk daga kwali ɗaya, kuma ido ba ya bambance su. Shi ya sa SAAMI, ƙungiyar masu ƙera bindigogi da harsasai ta Amurka da aka kafa a 1926, ta ba da shawarar cewa harsashin da ya nutse a ruwa kada a yi amfani da shi, kada kuma a yi ƙoƙarin busar da shi don a ceto shi.

Mai ya fi ruwa wayo

Da yawa suna ganin mai abokin ƙarfe ne, tunda yana hana tsatsa. Sai mutum ya shafe bindiga da baƙin mai ko kananzir ko man keke, wani har harsasan yake shafewa don su yi ƙyalli. Ga ƙarfe gaskiya ne mai yana da amfani. Ga hoda da ƙyastu kuwa guba ne, saboda dalili biyu.

Na farko, mai ya fi ruwa iya kutsawa. Ƙwayoyin ruwa suna riƙe juna da ƙarfi, shi ya sa ɗigon ruwa ke dunƙulewa a kan ƙarfe mai maiƙo. A ma'aunin wannan riƙon, ruwa yana da kusan 72, kananzir da siraran mai kuwa ba su wuce 30 ba. Don haka mai yana bajewa ya bi duk wata tsaga. Ka tuna yadda kananzir ke hawa lagwanin fitila da kansa, ko yadda ɗigon man gyaɗa ke mamaye takardar ƙosai. Man da ake fesa wa ƙusar da ta yi tsatsa an ƙera shi ne musamman don ya shiga inda ruwa ba ya shiga.

Na biyu, mai ba ya tafiya. Ruwa yana bushewa, mai kuwa yana zama. Idan ya lulluɓe ƙwayoyin hoda, sai ya zama bargo tsakaninsu da wuta. Wani zai ce, ai mai yana cin wuta. Haka ne, amma yana bukatar oksijin daga waje kafin ya ci, kuma a cikin kwanso babu isasshe. Maimakon ya ƙara wuta sai ya sha zafin ya rage saurin ƙonewa. A cikin ƙyastu kuma yana zama kamar matashi tsakanin ƙwayoyin sinadarin, dukan tsinken ya rasa kaifinsa.

A bindiga mai ɗuri ta baki, man da aka shafa a bututu yana gangarowa ƙasa idan an jingine ta, ya taru daidai inda hoda za ta zauna da kuma 'yar kafar da wuta ke bi. A bindigar zamani kuma akwai wani haɗarin: a lokacin harbi kwanso yana kumbura ya kama bangon mazauninsa, wannan riƙon yana ɗaukar wani ɓangare na ƙarfin. Idan wurin ya yi santsi da mai, ƙarfin da ke komawa baya, wajen fuskar mai harbi, yana ƙaruwa.

Hanyoyi uku da harsashi ke cin amana

Ta farko: ya ƙi tashi sam. Ita ce kowa ya sani, kuma ita ce mafi sauƙin haɗari, muddin ba a ɗauka bindigar ta mutu ba.

Ta biyu: ya yi jinkiri. An ja kunama, an ji shiru, amma a ciki wuta tana cin hoda mai danshi a hankali kamar garwashi a cikin toka. Bayan daƙiƙa ɗaya ko 'yan daƙiƙoƙi sai ta tashi. A wannan ɗan tsakanin ne mutum ke sauke bindiga ya juyo da ita wajen abokinsa, ko ya leƙa bakinta. Masu koyar da farauta a Amurka suna cewa a bar bakin bindiga yana kallon inda ba kowa na aƙalla daƙiƙa 30, idan mai ɗuri ta baki ce kuma aƙalla minti ɗaya.

Ta uku ita ce mafi ɓoyuwa: ya tashi da rauni. Ƙyastu ya kama, hoda ba ta kama sosai ba, ƙarfin ya isa ya tura kan harsashi cikin bututu amma bai isa ya fitar da shi ba. Ana jin ƙara 'yar ƙarama, ba irin ta kullum ba. Wanda bai lura ba ya sake harbi a kan toshewar, bututu ya kumbura ko ya tsage a hannunsa.

Masu kallon finafinan Bruce Lee za su iya tuna ɗansa, Brandon Lee, wanda ya rasu ranar 31 ga Maris, 1993, yana da shekara 28, a wajen ɗaukar fim ɗin The Crow. An cire hoda daga wasu harsasai don a yi amfani da su a matsayin na bogi, amma aka bar ƙyastu da rai. Ƙyastun ya tura kan harsashi ya maƙale a bututu ba wanda ya sani. Da aka zo aka sa harsashi mai hoda marar kai aka harba, sai ya fito da wancan da ya maƙale. Ba ruwa ne ya jawo wannan ba, amma irin toshewar da jiƙaƙƙiyar hoda ke haifarwa ke nan.

Bindigar ƙirar gida ta fi shiga wannan haɗarin. Bututunta sau da yawa ba don wannan matsin aka yi shi ba. Sannan fiye da rabin abin da baƙar hoda ke bari bayan ta ƙone daskararru ne, hayaƙi da dauɗa, kuma dauɗar tana jan laima tana cin ƙarfe daga ciki. Bututu yana iya yin kyau a waje alhali ciki ya zama siriri.

To, maganin bindigar fa?

Ba aikin wannan shafi ba ne ya yi wa kowa hukunci a kan abin da ya yi imani da shi. Amma "bindiga ba za ta tashi a kaina ba" magana ce da ake iya aunawa, don haka bari mu auna.

Mu ɗauka, a matsayin misali kawai, cewa a tsakiyar damina bindiga ɗaya cikin biyar ta ƙirar gida tana ƙin tashi saboda laima. A ce mutum hamsin masu ɗaure da laya aka saita wa bindiga a wurare dabam-dabam. Ko da layar ba ta aikin komai, kimanin goma za su ji ƙas su tsira. Ƙara waɗanda aka harba aka kuskure cikin duhu, da waɗanda harbin ya fito da rauni bai huda riga mai kauri ba. Waɗannan duk za su koma gida da labari, kuma labarin gaskiya ne, da idonsu suka gani. Waɗanda ta tashi a kansu ba sa nan balle su ba da nasu, kuma akan ce sun karya sharaɗi ne. Mu da ke zaune a majalisa labarin waɗanda suka tsira kaɗai muke ji.

Har maganar "bindiga ta zubar da ruwa" tana da fassara. Bindigar da aka rataya bakinta sama cikin ruwan sama bututunta mazurari ne. Ruwan ya haɗu da hoda da tsohuwar dauɗa ya zama baƙin kwaɓi. Idan ƙyastu ya kama shi kaɗai, ko aka karkata bakin ƙasa, abin da zai fito baƙin ruwa ne.

Ba mu kaɗai ne muka taɓa riƙe irin wannan tunani ba. A yaƙin Maji Maji na 1905 zuwa 1907, a ƙasar da yau ake kira Tanzaniya, an ba mayaƙa ruwan magani da alkawarin zai mayar da harsasan Jamusawa ruwa. Bindigogi masu sarrafa kansu da harsasai masu rufaffen kwanso suka kashe su da yawan gaske. A Nijeriya ma jaridu sun sha kawo labarin wanda ya tsaya a gwada maganin bindiga a jikinsa, aka ɗauki gawarsa.

Ga tambayar da na yi wa Kawu: a wane lokaci na shekara bindiga ta fi yi maka gardama? Bai yi jinkiri ba ya ce da marka, kowane maharbi ya san wannan, da hunturu kuwa ko taɓa ta ka yi sai ta amsa. Na ce, "To Kawu, masu maganin da damina kaɗai suke yawo?" Ya yi dariya bai ce komai ba.

Abin da ya kamata a kiyaye

Bindigar da ta ƙi tashi bindiga ce mai ciki. Kada a leƙa bakinta, kada a juya ta wajen mutum, kada a jingine ta inda yara ke wasa, kada a ja kunamarta don nuni.

Idan ƙarar harbi ta fito ba kamar yadda aka saba ba, a tsaya. Kada a sake harbi sai wanda ya san aikin ya tabbatar babu abin da ya maƙale.

Kada a shanya hoda ko harsashi kusa da murhu, ko a kan kwanon rufi da rana. Zafi yana saurin lalata hodar zamani, baƙar hoda kuwa tartsatsi ɗaya ya ishe ta.

Manoma da yara suna tsintar harsasai a gona da bakin gulbi bayan an yi artabu. Tsatsa da laka ba shaida ba ce cewa ya mutu. Kada a doke shi da dutse, kada a jefa shi wuta. Ba zai tafi da ƙarfin da yake yi daga bindiga ba, amma ɓallin kwanso ya isa ya tsiyayar da ido. Kada kuma a sayar wa masu sayen tsohon ƙarfe. A sanar da mai unguwa ko jami'an tsaro.

Ga wanda aikinsa na hukuma ya sa yake riƙe makami, harsashin da ya nutse a ruwa ko ya sha mai a mayar da shi ma'ajiya a sanar da shugaba. Ran da ka dogara da shi ba a yin caca da shi.

Ranar da zan koma makaranta Kawu ya rako ni bakin hanya. Bai ce na yi gaskiya ba, kuma ban sa ran zai ce ba. Abin da ya ce shi ne ya kira yaran nan masu gadi ya gaya musu, ko magani ne ko ruwa ne, daga yau duk bindigar da ta yi gardama a kai ta bayan gari a sauke mata ciki kafin ta shigo zaure. Ni dai wannan ya ishe ni.

Allah Ya kawo mana lokacin da manomin Bakolori zai kwana a gonarsa ba tare da ya rataya komai a kafaɗa ba sai fartanya.